Bangon da na rushe a gidan Alhaji

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka cire sunana kafin ka saka. Don Allah wanda ya san abin yi ya ba ni shawara.

Sati uku da suka wuce aka kore ni daga gidan mutumin da ya riƙe ni a London. Ranar sunan jikansa ce. Ni na sa alam ɗin gobara ya tashi ana tsakiyar addu'a, gida cike da mutane.

Ban yi boko ba, rubutun nan a waya na koya, ku yi haƙuri da shi. Shekarata hamsin da huɗu, mutumin ƙasar Katsina ne ni, shekara goma sha tara ke nan ina garin nan. Yadda na shigo ba shi ne maganar ba. Na kwana a tashar bas, na kwana a gareji, na yi shekara takwas ba takardar zama. Matar da na bari a gida ta gaji da jira, ta nemi saki na ba ta, ba mu haihu ba. Kafinta ne ni tun gida, a nan kuma na koyi kafa bangon allo da shafe. Ɗaki ɗaya nake haya a saman wani shago, bayan Old Kent Road.

Mutumin zan kira shi Alhaji kawai. Ɗan Ghana ne, na zangon Kumasi, mahauci ne kafin gwiwa ta zaunar da shi. A shagon naman da yake aiki muka haɗu, yatsana ya maƙale a ƙofar firij na yi zagi da Hausa, ya ɗago kai ya ce kai ɗan ina ne. Ran nan ya kai ni gidansa. Tun daga ran nan duk Lahadi a can nake, shekara goma sha shida. Bayan la'asar mutanensa na taruwa a falo su yi wazifa, a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya a kewaye shi, a yi magariba, sannan Hajiya matarsa ta fito da tuwo da miyar ayoyo. Ni ban shiga wazifar ba, a gefe nake zama kusa da matakala, ba wanda ya taɓa takura mini. Kwanona daban yake a gidan, mai shuɗin baki, ba mai ci a ciki sai ni. Daga Litinin zuwa Asabar turanci nake ji da yaren 'yan Romaniya da muke aiki tare. Lahadi kaɗai nake buɗe baki in yi Hausa da mutum ido da ido.

Gidan ƙasa da sama ne. Shekara biyu da suka wuce Alhaji ya ce yana so ya mai da ƙarƙashin rufin ɗaki, abin da ake kira loft, ya zama hawa na uku ke nan. An yi zane an kai council, wato ƙaramar hukuma, wani kamfani ya zo ya sa ƙarafa ya gyara rufi, ni na yi aikin ciki, Asabar-Asabar har wata biyar. Ban karɓi komai ba, shi ma bai miƙo ba, ya san zan ji haushi.

Mutumin da council ke turowa duba aiki wani dattijon Bature ne mai yawo da tocila. Ya zaunar da mu ya yi bayani, ni na fi Alhaji ganewa saboda sana'ata ce. Ya ce gida mai ƙasa da sama, in wuta ta tashi mutum zai iya sauka ta taga, ya karye amma ya rayu. Da ka ƙara hawa na uku taga ta daina zama hanya, matakala ce kaɗai ta rage. Don haka dole a killace matakalar tun daga loft har ƙofar waje, duk ɗakin da ya buɗe a kanta a sa masa ƙofa mai kauri wadda za ta riƙe wuta rabin awa, kuma kowane hawa a sa alam a haɗa su, in ɗaya ya yi kuka sauran su ɗauka. Matsalar gidan Alhaji ita ce wanda ya sayar masa ya riga ya fasa bangon ƙasa, matakala cikin falo take sauka, falon kuma a haɗe yake da kicin. In tukunyar Hajiya ta kama, hayaƙin ba inda zai nufa sai matakala. Baturen ya ce ko a sa famfon da ke fesa ruwa daga silin, ko a ta da bango a raba matakala da falo. Bango ya fi sauƙi. Ni na kafa shi, na rataya ƙofar, nauyinta sai da muka ɗauke ta mu biyu. Baturen ya dawo ya ƙwanƙwasa, ya auna, ya danna alam ya ji, ya sa hannu. Takarda ta fito.

Bangon ya ci falo kamar taku ɗaya da rabi. Wanda bai san gidan ba zai ce ƙaramin abu ne. Amma alƙiblar gidan a karkace take, sahu daga kusurwa zuwa kusurwa yake tafiya, kuma inda bangon ya cinye nan ne ƙarshen sahu biyu. Mutum shida suka rasa wuri, suka koma tsayawa a lungun matakala bayan bango, ba sa ganin liman. Sai gardama ta tashi. Wani ya ce sallar wanda ke bayan bango ba ta yi ba, wani ya ce in yana jin kabbara ta yi, wani tsoho ya ce shi bai baro Kumasi don ya zo ya yi salla a wurin ajiye takalma ba. Wurin wazifa ma ya matse, farin ƙyallen sai an ninke shi. Lahadi huɗu ana haka mutane suka fara raguwa. Hajiya kuma kullum tana cewa ƙofar za ta karya mata hannu in ta ɗauko tire.

Wata Asabar Alhaji ya kira ni, ya ba ni shayi, ya nuna bangon da sandarsa.

Ya ce, "Bakatsine, takarda ya fito ai. Bature ya gani ya tafi. Ka cire mani wannan abu."

Na ce Alhaji ba don Bature aka yi ba. Ya ce loft ɗin ba mai kwana a ciki, akwatunan Hajiya ne da buhunan gari, wuta gari za ta ci? A lokacin gaskiya ya faɗa. Shekara goma sha huɗu ina cin abincinsa bai taɓa roƙona komai ba sai aikin loft da wannan. Na ce da sharaɗi, ranar da za a sa mutum a sama za a mayar da bangon. Ya ce in sha Allahu. Wuni ɗaya na rushe abin da na yi kwana huɗu ina ginawa. Ƙofar ya ce in tafi da ita, ba shi da wurin ajiyewa, na samu mai mota muka kai ta ɗakina. Washegari sahu ya cika, tsofaffi suka yi ta sa mini albarka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa Alhaji ba. Lokacin da ba ni da takarda, aikin da nake samu shi ne wanda ba mai so, kwashe tarkace a gidajen da suka ƙone. Akwai wani gida da wutar a kicin ta tashi, a ƙasa. Da muka hau ɗakin can sama ba abin da ya ƙone, zanin gado ma ana ganin furanninsa, sai dai baƙi mai laushi kamar gari ya rufe komai. A jikin gilashin taga akwai shatin yatsu. Ban tambayi wanda ya ɗauke mu aikin ba, shi ma bai faɗa ba. Na san wannan lokacin da nake rushe bangon, kuma na rushe.

'Yar autar Alhaji zan ce mata Rabi, ba sunanta ba ne. A gabana ta girma, ina yi mata Hausa tana amsa mini da turanci, Uncle Kafinta take kirana. Ta yi aure bara, ta haihu cikin sanyin nan, namiji, haihuwar fari, ta dawo gida wankan jego. Ni na ɗauka a ɗakinta na da za ta zauna, ban tambaya ba. Ranar suna na je da wuri don in taimaka, Hajiya ta ba ni kwalin kayan jariri ta ce in kai sama. Na tsaya a hawa na biyu, ta ce a'a, can sama.

Ashe loft aka sa ta. Ɗakinta na da an ba ƙanwar Hajiya da ta zo daga Ghana taya jego, kuma Hajiya ta ce loft ya fi ɗumi, ga banɗakinsa a ciki don wankan ruwan zafi, ga shi nesa da idon baƙi. Duk wannan gaskiya ne, ni na gina na sani. Amma ga abin da na gani. Ƙofar loft an tokare ta da akwati don a riƙa jin kukan jariri daga ƙasa. Hita biyu a kunne, ɗaya an shanya rigunan jariri a kanta. Kaskon turaren wuta da garwashinsa a kan matakala, kan kafet. Na ɗaga kai na ga alam an saka masa safar Alhaji an ɗaure da roba, saboda turaren na tayar da shi. Na sauko hawa na biyu, safa. Na sauko ƙasa, safa. A kicin kuwa manyan tukwane uku a kan wuta, ana suyar naman rago, mai yana tsalle, kuma daga murhu zuwa ƙafar matakala ba komai a tsakani sai iska, inda bangona yake a da.

Na je na raɗa wa Alhaji, ya ce bayan suna. Na zauna, na kasa zama, na koma na sake raɗa masa. Ya ce, "Bakatsine, yau ranar farin ciki ne, ka rufe baki." Ni ba mutumin magana ba ne, abin da na iya shi ne hannu. Na ɗauki kujera na hau sama, na cire safar loft, na cire ta tsakiya, na sauko na cire ta ƙasa. Ban yi tunanin hayaƙin da ya riga ya cika gidan ba. Malam ya faɗi suna ke nan, kowa ya ɗaga hannu, sai alam ɗin ƙasa ya tashi, sauran biyun suka ɗauka. Jariri ya tsala ihu a sama, tsofaffi suka miƙe suna tuntuɓe da juna, wanda ya ƙi salla a wurin takalma shi ya fara fita titi ba takalmi. Maƙwabta suka leƙo. Ba wanda ya san yadda ake kashewa sai ni, da sandar Alhaji na danna.

Da a nan na tsaya da wataƙila dariya za a yi daga baya. Amma da gida ya yi shiru kowa ya juyo yana kallona, sai na ce in wuta ta tashi a kicin ɗin nan Rabi da ɗanta ba za su sauko ba. Haka na faɗa, gaban maza da mata, gaban dangin mijin.

Hajiya ta fito da ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a zango ko maƙiyi ba ya kira wa jaririn kwana bakwai wuta ranar sunansa. Ta ce shekara goma sha shida tana zuba mini abinci ba ta san baƙin baki take ciyarwa ba. Sannan ta ce wanda bai taɓa riƙe nasa ba, ba zai san nauyin abin da ya faɗa ba. Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Alhaji ya kama gwiwar hannuna har bakin ƙofa, ya duƙa da gwiwarsa mai ciwo ya ɗauko mini takalmana, ya ce in tafi gida tukuna zai kira ni. Bai kira ba. Naman suna an kai wa kowa, har Baturiyar da ke maƙwabtaka da su, ni ba a aiko ba.

Ban zauna haka ba. Na aika ta bakin ɗaya daga mutanen wazifa cewa wuni ɗaya ya ishe ni in mayar da bangon, kayan aiki duk nawa, bayan arba'in in sun ga dama su sa wani ya rushe. Amsar da ta dawo ita ce Alhaji ya ji, amma Hajiya ta ce ba a buga guduma a gidan da mai jego take, kuma in aka ta da bangon yanzu kamar an gaskata mugun bakin ne. Rabi da kanta ta turo mini saƙon murya, ta ce Uncle abin da ka faɗa gaskiya ne? Na ce gaskiya ne. Ta ce ta roƙi mamanta su yi musanyar ɗaki da goggonta, maman ta yi kuka ta ce sanyi zai shiga jikinta ya zauna har tsufa, ita kuma ba ta da ƙarfin rigima yanzu, ko barci ba ta samu. Na ce to ki cire akwatin ki riƙa rufe ƙofa, ki kawar da riguna daga kan hita. Ta ce tana yi, maman na hawowa ta buɗe. Safar kuma ana sawa in za a yi turare, wani lokaci a tuna a cire, wani lokaci a manta. Ta ce kwana kaɗan ya rage, in yi haƙuri.

Akwai wani abokin aikina mutumin Filato, Kirista ne, mai aikin wayar lantarki, shi ya haɗa alam ɗin gidan. Na ba shi labari muna cin abinci a wurin aiki. Ya ce maigida wannan ba abin tunani ba ne, ka kira council. Ya ce akwai kuma 'yan kwana-kwana da ke zuwa duba gida kyauta, amma sai mai gida ya buɗe musu. Sai ya ƙara da cewa in sani, in council suka zo tambayar farko ita ce wa ya rushe, kuma amsar ita ce ni. Wannan bai dame ni sosai ba, na ga abin da ya fi shi. Abin da ya tsaya mini shi ne cikin masu wazifa akwai mutum biyu da ba su da takarda. Na san council ba su ne masu kama mutane ba, amma wanda ba shi da takarda ba ya bambance wannan. Da ma'aikaci mai kati a wuya ya ƙwanƙwasa ƙofar nan za su ɓace, za a ce Bakatsine ya kawo hukuma gidan Alhaji. Ni ma shekaruna na rashin takarda yawancinsu a falon nan na ci tuwo, kowa ya sani, ba wanda ya buɗe baki a kaina. Kuma ban ma san ko council za su zo kafin arba'in ba.

Sauran hanya ita ce mijin Rabi. Yaro ne mai kunya, direban bas, ranar suna ma kansa a ƙasa yake. In na zaunar da shi na zana masa gidan a takarda na tabbata ran nan zai ɗauke matarsa. Amma ya fitar da mai jego daga gidan iyayenta kafin arba'in a kan maganata, na haɗa suruki da suruki ke nan, kuma wannan ba zai gyaru ba ko bayan raina.

Zan faɗi ɗayan ɓangaren don kada a ɗauka ni mutumin kirki ne zalla. In na yi shiru arba'in ta cika lafiya, Rabi ta koma flat ɗin mijinta, na san Alhaji, zai bari wata ɗaya ya wuce ya kira ni ya ce Bakatsine mai taurin kai, tuwo na hucewa. Ina son wannan kiran. Ba ni da wani gida a ƙasar nan, a gida ma waɗanda suka san ni sun ƙare. Yawancin gidaje ba sa ƙonewa, na sani. Jiya da rana na hau bas na je na tsaya tsallaken titinsu ina kallon tagar loft, labule a sake, ba hayaƙi ba komai, na yi kamar rabin awa na dawo. To amma gidan da na ga shatin yatsu shi ma kafin ranar ba ya ƙonewa.

Jama'a ku gaya mini. In kira council in ce ni na rushe, kome zai biyo baya ya biyo? In je wurin mijin? Ko in ɗauki ƙofar nan da allunan bango in je in tsaya bakin gidan har sai sun buɗe ko sun kira mini 'yan sanda? Ko shirun ne daidai, ni ne tsoro ya yi wa yawa? Masu ilimin addini ku faɗa mini, in abu ya faru alhakin a kan wa yake, wanda ya ce a rushe ko wanda ya rushe yana sane. Mata masu jego da iyayensu, akwai yadda ake gaya wa uwa irin wannan magana ta ji ba tare da ta ɗauke ta mugun fata ba? Ni ban iya ba, na gwada kun ga yadda ta ƙare.

Yau Lahadi, ta uku tun da aka kore ni. Yanzu suna shimfiɗa farin ƙyalle. Ina ɗakina, na ci burodi da sadin. Ƙofar tana jingine da bango kusa da gadona, allunan da na saya suna bayanta, abokin aikina ya rubuta mini lambar council da fensir a jikinta. Ban kira ba. Saura kwana goma sha biyu arba'in.